Tambaya da Amsa: Abin da Doka Ta Ba Mai Gona a Amurka Game da Farautar Koyoti

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowar, kuma dukansu a kan dabba ɗaya suke, wato koyoti, ɗan'uwan dila da kare wanda ke zaune a Arewacin Amurka. Ya ɗan fi dilanmu girma, domin nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20 da 'yan kai, kuma a yau ana samunsa a kowace jiha ta Amurka in ban da Hawaii.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, ina zaune a jihar Texas da bizar aiki. Ni da wani ɗan'uwana mun haɗa kuɗi mun sayi fili mai eka 14 a bayan gari, muna kiwon awaki da tumaki waɗanda 'yan'uwa Musulmi ke saya lokacin layya da kuma suna. Tun daga watan Afrilu 'yan awaki suka fara ɓacewa, wata safiya kuma muka tarar da ɗan tunkiya a bakin shinge an farke masa ciki. Maƙwabcinmu ya ce aikin koyoti ne, ya kuma ce a Texas babu lokacin da aka hana harbinsa, ba a kuma buƙatar lasisi, don haka in sayi bindiga kawai. Shin gaskiya ya faɗa mini? Daga wani makiyayi a Texas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar muku da alheri. Maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai dokar da ta shafe shi ya karanta maka, shi da yake ɗan ƙasa, alhali kai akwai wata dokar tarayya da ta hau kanka wadda shi ba ruwanta da shi. Kafin mu kai gare ta, ya kamata ka san cewa a Amurka namun daji ba mallakar mai fili ba ne. Tun a ƙarni na 19 kotunan ƙasar suka tsayar cewa jiha ce ke riƙe da su amana a madadin jama'a, saboda haka takardar filinka ta ba ka ikon hana kowa shiga, amma ba ta mallaka maka dabbar da ta ratso ta cikinsa ba. Kowace jiha kuma da nata tsarin, shi ya sa abin da ya halatta a Texas yana iya kai mutum kotu a jihar Massachusetts.

A Texas, hukumar kula da namun daji ta jihar ba ta sa koyoti cikin dabbobin da ake kayyade wa lokacin farauta ba. Ana iya farautarsa a kowane wata na shekara, babu iyaka ga yawan da mutum zai kashe, kuma a fili mai zaman kansa an yarda a yi da dare ana haska fitila. Duk da haka, asalin hukuncin shi ne mafarauci ya mallaki lasisi, wanda a 'yan shekarun nan kuɗinsa dala 25 ne ga mazaunin jihar, yana kuma aiki daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, sannan duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumban 1971 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta. Sassaucin da maƙwabcinka ke nufi yana cikin sashe na 822.013 na dokar lafiyar jama'a ta jihar, inda aka ce kare ko koyotin da yake kai wa dabbobin gida ko kaji hari, ko yake gab da kai harin, ko ya kai shi kwanan nan, mai dabbobin ko wanda ya ga abin da idonsa yana iya kashe shi ba tare da lasisin farauta ba. Ka lura da sharuɗɗan nan uku da kyau, domin koyotin da ka hango yana wucewa can ƙarshen fili a watan Nuwamba, watanni bayan ɓarnar ƙarshe, bai shiga cikinsu ba.

Ga inda maganar ta zo kanka. Dokar tarayya ta Amurka ta hana wanda ya shigo ƙasar da bizar zama na wucin gadi, kamar bizar aiki ko ta karatu ko ta ziyara, mallaka ko riƙe bindiga da harsashi, sai in ya shiga cikin wasu 'yan togace-togace, kuma wanda ya fi kusa da mutum irinka shi ne ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki wanda wata jiha ta ba shi. Ma'ana, lasisin nan da Texas ta ce ba dole ba ne a ranar da koyoti ya faɗa wa garkenka, shi ne takardar da ta halatta maka taɓa bindigar tun da farko. In ka bi maganar maƙwabci ka ƙi sayensa, ka fita daga laifi a wurin jiha ka faɗa cikin wanda ya fi shi girma a wurin tarayya, wanda tun 2022 hukuncinsa yake iya kaiwa ɗaurin shekara 15, ban da kora daga ƙasar. Aron bindigar maƙwabci na dare ɗaya ma riƙewa ne a idon wannan doka, haka nan kuma idan lasisin ya ƙare ranar 31 ga Agusta ba ka sabunta ba, bindigar da ke ajiye a ɗakinka ta zama abin tuhuma daga washegari. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin wannan hani, wanda kuma takardunsa suka ƙare gaba ɗaya babu lasisin da zai wanke shi, don haka ka duba matsayin ɗan'uwan naka shi ma. Shawarata ita ce ka ga lauyan shige da fice kafin ka taka shagon bindiga.

Sai kuma girman filin. Eka 14, in fili ne mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefensa bai wuce mita 240 ba, harsashin bindigar farauta kuwa yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu. A Texas laifi ne harsashinka ya tsallake iyakar filinka zuwa na wani ba tare da rubutacciyar yardarsa ba, laifi ne kuma yin harbi daga kan titin gwamnati. Idan filin yana cikin iyakar wani gari, dokar garin tana iya taƙaita harbi, gundumomi ma suna da ikon hana shi a filayen da ba su wuce eka 10 ba a unguwannin da aka yanka fuloti. Wanda zai fita da fitila cikin dare, an so ya fara kiran jami'in kare namun daji na gundumarsa ya sanar da shi, saboda maƙwabcin da ya ga haske ya ji ƙarar bindiga ƙarfe biyun dare 'yan sanda zai kira, kuma baƙo ya fi kowa buƙatar a riga an san da zamansa.

Guba kuwa kada ma ta zo maka a rai. Tun 1972 gwamnatin tarayya ta soke izinin amfani da gubar kashe namun daji, 'yar wadda aka bari daga baya kuma, irin na'urar da ke fesa sinadarin sayanayid a bakin dabba, sai wanda ya yi horo ya karɓi lasisi daga ma'aikatar gona ta jihar yake iya ɗana ta. A 2017 irin wannan na'ura ta kashe karen wani yaro ɗan shekara 14 a kusa da garin Pocatello na jihar Idaho, shi kansa yaron ya jikkata, wannan kuwa a hannun ma'aikatan gwamnati ne, balle naman da mutum zai barbaɗa wa maganin ɓera ya jefar a bakin shinge. Kama koyoti da rai a kai shi wani daji ma haramun ne a Texas, saboda dokar hana yaɗuwar ciwon haukan kare.

Kafin duk wannan, ka tabbatar da mai laifin. Idan kuka sake samun mushe, ka feɗe fatar wuyan ka duba. Koyoti yakan kama maƙogwaro ne a bayan muƙamuƙi, ƙasa da kunne, ya riƙe har numfashi ya ɗauke, sannan ya buɗe ciki ta kwiɓi ya fara da hanta da zuciya da huhu, ƙaramin ɗan akuya kuwa ɗauke shi yake yi ɗungurungum, wanda ya yi daidai da ɓacewar da ka ambata. Karnukan gida ba haka suke yi ba, su kan yayyaga cinyoyi da kunnuwa da bayan dabba, su raunata da yawa a dare ɗaya, su tafi ba su ci abin kirki ba. Idan kuma babu taruwar jini a ƙarƙashin fata inda haƙori ya shiga, to dabbar ta riga ta mutu ne kafin a ci ta, sai ka nemi likitan dabbobi maimakon bindiga.

Farawar ɓarnar a watan Afrilu tana da dalili. Koyoti yana barbara tsakanin Janairu da Maris, macen ta yi kwana 63 ko kusa da haka da ciki, ta haifi 'ya'ya huɗu zuwa bakwai a rami a Afrilu ko Mayu, daga nan sai uwa da uba su shiga neman nama ba dare ba rana. Binciken da aka yi a gonar gwaji ta Jami'ar California da ke Hopland ya nuna cewa mafi yawan 'yan tumakin da ake kashewa, mace da namijin da ke riƙe da yankin ne ke kashe su, ba kowane koyoti mai yawo ba. Wannan shi ya sa mutum zai iya harbe biyar a wata guda ɓarna ba ta tsaya ba, wani kuma ya kashe ɗaya tak ya samu sauƙi har kaka. Sauƙin ma na ɗan lokaci ne, domin yankin da ya zama babu mai shi wasu ne za su shigo su gaje.

A fili ƙarami kamar naku, abin da ya fi bindiga aiki shi ne a riƙa kora dabbobi cikin garke mai rufi kusa da gida kafin magariba, musamman masu ciki da masu jego, a bi shinge ana toshe duk inda aka tona ta ƙasa, a kuma ƙara waya mai lantarki ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Tunda masu layya da masu suna kuke sayar wa, ina kyautata zaton wani lokaci ana yanka a gonar, to tumbi da hanji da jinin da ake zubarwa a bayan shinge, da mabiyiyar da ake bari bayan haihuwa, su ne ke koya wa koyoti hanyar gidanku, sai a riƙa binne su da zurfi ko a kwashe. Makiyayan Texas, wadda ita ce kan gaba a kiwon awaki da tumaki a Amurka, sun daɗe suna sa jaki a cikin garke saboda ƙiyayyarsa da duk wani dangin kare. Mace ɗaya ake sakawa, domin namijin da ba a dandaƙe ba yana iya kashe 'yan awakin da kansa, biyu kuma sai su haɗe kansu su manta da garken, sannan a kiyaye kada ta ci abincin awakin da aka sa wa maganin monensin, domin guba ne ga jaki da doki. Akwai kuma manyan karnukan gadi irin Great Pyrenees da Akbash da na Anatoliya, waɗanda ake tashe su tun suna ƙanana a cikin tumaki. Na san wasu daga cikinmu suna ƙyamar ajiye kare, amma hadisin da ya yi gargaɗi a kan hakan ya togace karen kiwo da na gona da na farauta, kuma wannan a waje yake kwana tare da dabbobi. Malamin gona na Texas A&M AgriLife da ke gundumarku zai iya haɗa ku da ma'aikatan Wildlife Services, wato sashen gwamnati mai magance ɓarnar namun daji, waɗanda aikinsu ke nan, su zo su duba sawu su cire mai ɓarnar.

Tambaya: Ni da maigidana muna da gida da fili mai eka 30 a wani ƙauye a jihar New York, ina kiwon kaji da zabi. A watan Fabrairu wasu mutum biyu suka ƙwanƙwasa mana ƙofa suna neman izinin farautar koyoti da dare a filinmu, muka ce za mu yi shawara. A watan Yuni kuma koyoti ya kwashe mini zabi, aka ce wa maigidana lokacin farauta ya wuce. Shin dole ne mu ba su izini, kuma in wani ya ji rauni a filinmu mu za a kama? Daga wata 'yar'uwa a New York.

Amsa: Hajiya, babu dole a kanku ko kaɗan, lasisin da ke aljihunsu bai ba su ikon taka filin kowa ba. New York tana cikin jihohin da suka yanka wa koyoti lokaci, ana buɗewa ranar 1 ga Oktoba a rufe a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, dare da rana, ba tare da iyakar adadi ba, a ko'ina cikin jihar ban da birnin New York da Long Island. Mutanen nan sun zo a kan kari, Fabrairu ne lokacin da fatar take da kauri, dusar ƙanƙara tana nuna sawu, dabbar kuma tana amsa kiran na'urar da ke kwaikwayon kukan zomo.

Idan ba ku so, ku kafa allunan hani a kan iyaka, waɗanda doka ta ce kowanne ya kai inci 11 tsawo da faɗi, ya ɗauki suna da adireshin mai fili, kada kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce ƙafa 660, wato kusan mita 200. Idan kuwa kun yarda, ku rubuta izinin a takarda da sunayensu da ranaku da ɓangaren filin da za su tsaya, ku kuma faɗa musu ko kun amince da karnuka, domin yawancin rigimar da ake yi da maƙwabta daga karnukan da suka bi sawu suka tsallake iyaka take tasowa. Doka ta hana harba bindiga a tazarar da ba ta kai ƙafa 500 daga gidan mutane ba sai da yardar masu gidan, kuma yardarku ba ta shafi gidan maƙwabci ba. Game da rauni, sashe na 9-103 na dokar wajibai ta jihar ya sauke wa mai fili nauyin tabbatar da lafiyar wanda ya shigo farauta, muddin bai karɓi kuɗi ba kuma bai ɓoye wani haɗari da gangan ba. Da zarar kun karɓi ko dala 20 a matsayin kuɗin shiga, wannan kariyar ta faɗi, saboda haka kyauta ta fi muku aminci.

Wanda ya ce wa maigidanki lokaci ya wuce, rabin magana ya faɗa. Sashe na 11-0523 na dokar kare muhalli ta jihar ya ba mai fili, ko mai haya, ko iyalinsa, ko ma'aikacinsa damar kashe koyotin da ke yi masa ɓarna a kowane lokaci na shekara. Damar taku ce ku mutanen gidan, ba a miƙa ta ga baƙin da suka zo a Fabrairu su dawo a Yuni da sunan taimako, kuma sharaɗin biza da na yi wa mai tambayar farko bayani yana nan a kan maigidanki idan bai samu katin dindindin ko takardar zama ɗan ƙasa ba. A kuma duba da kyau kafin a harba, domin koyotin gabashin Amurka yana da jinin kyarkeci irin na can, wanda Turawa ke kira wolf, ya fi na yamma girma, har akan kasa bambance su. A Disambar 2021 wani mafarauci a gundumar Otsego ya harbe dabba mai nauyin kusan kilo 39 yana zaton koyoti ne, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna kyarkeci ne, wanda doka ke karewa a jihar. Su kuwa zabi, in ana rufe su a akurki da dare maimakon a bar su su kwana a kan itace su sauko da asuba, an rage asarar da yawa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Damagaram. Turawa suna yi mana wa'azi a kan kare namun daji, ga shi kuma na ji a Amurka ana kashe wannan dabba duk shekara har da ba da lada. Yaya za a fahimci wannan?

Amsa: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. Jihar Utah ta fara biyan dala 50 a kan kowane koyoti a 2012 da nufin kare barewarta, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma, waɗanda ke aiki da wata doka ta 1931, suna kashe sama da 50,000 a kowace shekara, ban da na mafarauta da manoma. Bambancinsa da zaki ko kyarkecin Afirka, waɗanda suka kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, shi ne wannan kisan bai rage shi ba. Asalinsa dabbar filayen ciyawa da hamadar yamma da tsakiyar nahiyar ce, da aka kawar da kyarkeci aka sare dazuzzuka sai ya bazu har gaɓar Tekun Atlantika, ya shiga biranen Chicago da Los Angeles, ya kuma gangara har Panama. Idan aka rage yawansa abinci yakan wadata, mata su haifi da yawa, 'ya'yan kuma su rayu. Wani lissafi da masu bincike na Jami'ar California suka wallafa a 1975 ya nuna cewa sai an kashe kashi 75 cikin ɗari a kowace shekara har sama da shekara 50 kafin a ga bayansa.

Su kansu Amurkawa ba su daidaita a kan lamarin ba. California ta hana ba da kyauta a gasar kashe koyoti a 2014, New York ta haramta irin wannan gasa daga Nuwambar 2024, Michigan kuwa ta buɗe farautar duk shekara a 2016, ta dawo a 2024 ta rufe daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli don kada a bar jarirai su mutu da yunwa a rami, ƙungiyoyin mafarauta kuma suka maka hukumar jihar da ta yanke wannan hukunci a kotu suna cewa ra'ayin jama'a ta bi, ba ilimi ba. A ganina tsarin irin na New York ya fi kusa da hankali, a rufe farautar nishaɗi a watannin shayarwa, a bar wa makiyayin da ake yi wa ɓarna hannunsa a sake, domin lada da gasa suna kashe dubbai a inda babu tunkiya ko ɗaya, ba tare da sun taɓa mace da namijin da ke cin 'yan awakin mai tambayarmu na Texas ba.